Bishop Samuel Ajayi Crowther, Bawan Da Ya Zama Bakin Yara Da Ɗaurarru

Ya kamata mu tuna da waɗanda suka riga mu cikin aikin bishara a ƙasashen nan namu. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne Bishop Samuel Ajayi Crowther. Mutane da yawa sun san shi ne baƙin mutum na fari da ya zama Bishop cikin Ekklesiyar Ingila. Abin da mu ke so mu nuna a nan shi ne yadda ya tsaya a gaban sarakuna da masu yin doka saboda yara da waɗanda ke ɗaure. Bai taɓa samun kujera a majalisa ba, duk da haka maganarsa ta shiga fada.

YARO CIKIN SARƘA

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a Oshogun, cikin ƙasar Yarbawa. A 1821 mahara suka fāɗa wa garin da safe, suka sa masa wuta, suka kama shi tare da uwarsa da ƙannensa mata. Ba a daɗe ba aka raba su. Aka yi musanyarsa da doki, da dokin bai gamshi mai shi ba aka komo da yaron. Daga nan aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, har ya kai Ikko a bakin teku, wurin Turawan Fotugal masu fataucin bayi.

A Ikko ya ɗanɗani kurkuku. Aka sa wa kowa ƙarfe a wuya, aka zura sarƙa guda ta bi manya da yara. Idan babba ya ja sarƙar domin ya sami wurin kwanciya, wuyan yara ne ke shan wahala. Watanni ya yi a haka. Sa'an nan aka zuba su cikin jirgi, mutum 187, za a ƙetare teku da su.

To, ga abin mamaki. Shekara 14 kafin a kama Ajayi, watau a 1807, majalisar Ingila ta yi dokar hana cinikin bayi. Wani mai bi, sunansa William Wilberforce, ya yi kusan shekara 20 yana ta kawo maganar a gaban majalisa, ana kā da shi, yana sāke kawowa, har aka yarda. Saboda dokan nan aka aiki jiragen yaƙi su tsare bakin tekun Afirka. Ran 7 ga Afrilu, 1822, biyu daga cikinsu suka kama jirgin da Ajayi ke ciki. Da fari yaran suka tsorata ƙwarai. Sun ga harsashin igwa a tare wuri ɗaya, suka zaci kawunan 'yan'uwansu ne. Ashe ceto ne ya zo. Wilberforce bai taɓa jin sunan Oshogun ba, amma dokar da ya yi wa wahala ita ce ta kwance ƙarfen wuyan Ajayi.

DAGA MAKARANTA ZUWA BAKIN KWARA

Aka sauke su a Saliyo, aka ba da shi ga mutanen mishan na C.M.S. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari. Ran 11 ga Disamba, 1825, aka yi masa baftisma, ya ɗauki suna Samuel Crowther. A 1827 ya zama ɗalibi na fari a makarantar Fourah Bay. Ya auri Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka cece ta, ya zama malamin makaranta yana koyar da yaran da aka kwance kamarsa.

A 1841 ya bi jiragen da suka hau Kwara, tare da J. F. Schön, wanda daga baya ya rubuta littattafai a kan harshen Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40 cikin tafiyan nan, sai aka gane aikin bishara a nan na 'yan ƙasa ne. Aka naɗa shi pasto a Landan a 1843. A 1845 ya sauka Badagiri, kusa da iyakar ƙasarmu ta Benin, a 1846 kuwa ya isa Abeokuta. A can ya sadu da uwarsa bayan shekara 25 da rabuwa. Ta ba da gaskiya, aka yi mata baftisma da suna Hannatu. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

A GABAN MASU MULKI

Crowther ya ga kuɗin mutum ɗaya ba ya iya fansar dukan bayi, sai a toshe hanyar daga tushe. A 1851 ya tafi Ingila ya gana da Lord Palmerston, ministan harkokin waje, ya bayyana masa yadda a ke fitar da bayi ta Ikko. A watan Nuwamba ya tsaya gaban Sarauniya Biktoriya da mijinta, suka shimfiɗa taswira, ya nuna musu wurin da aka sayar da shi. Cikin Disamba jiragen Ingila suka kori Sarki Kosoko, ran 1 ga Janairu, 1852 kuma Sarki Akitoye ya sa hannu a alkawarin hana cinikin bayi. An zubar da jini a yaƙin, Turawa kuma suna da nasu nufi na ciniki da mulki, gama a 1861 suka karɓe Ikko ɗungum. Amma kasuwar da aka sayar da Ajayi ta mutu.

A 1857 ya kafa aiki a Anaca. Ya yi niyyar kai wa Sakkwato, sai jirginsu ya fashe a kan dutse kusa da Jabba, bai kai ba. Ran 29 ga Yuni, 1864, aka keɓe shi Bishop a babbar majami'ar Kantabari. Cikin taron akwai shugaban jirgin da ya cece shi shekara 42 da suka wuce, da kuma matar da ta koya masa baƙaƙe a Saliyo.

Ko'ina ya kafa tasha, makaranta ce farkon gini. A Lakwaja da sauran tashoshi ana fansar yara bayi, ana renonsu a gidan mishan, ana koya musu karatu da sana'a. A Anaca da Boni a zamanin nan akan yar da tagwaye, ana cewa abin ƙyama ne. Bishop bai tsaya ga wa'azi cikin majami'a kaɗai ba. Yakan tafi wurin sarakuna da dattawa, ya zauna da su da ladabi, ya koma ya sāke komowa, domin ya sani in sarakunan gari ba su hana abu ba, al'ada ba ta barinsa.

Haka kuma ya yi da sarakunan Musulmi. Yakan ziyarci Etsu Masaba a Bida, ba ya zagin addinin kowa, sai ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya amsa tambaya daga ciki. Suka amince da shi ƙwarai. Cikin shekarun 1880, sa'ad da barasar Turawa ta fara ɓata ƙasar Nufe, Etsu Maliki ya aika da takarda yana roƙon Bishop ya kai kukansa ga Sarauniyar Ingila a hana kawo ta. Bishop ya isar da saƙon, aka buga shi a Ingila, mutane da yawa suka karanta. A 1890 ƙasashen Turai suka yi taro a birnin Burusal, suka ƙulla alkawarin taƙaita cinikin barasa a Afirka, daga baya kuma aka hana shigar da ita Nijeriya ta Arewa.

ƊAURI NA BIYU

A 1867, yana da furfura, wani basarake kusa da Ida mai suna Abokko ya kama shi tare da ɗansa Dandeson, ya tsare su kwanaki a bakin kogi, ya ce sai an biya fam 1,000 a kan kowannensu. Wani ma'aikacin Ingila, William Fell, ya zo daga Lakwaja ya fitar da su, amma kibiya mai dafi ta same shi, ya mutu a hanya.

Wanda aka ɗaure sau biyu ya san nauyin sarƙa. A Boni tsanani ya tashi a kan bayi masu bi, domin sun ƙi cin naman hadayar gumaka. A 1875 aka jefa Joshua Hart cikin ruwa ya mutu saboda sunan Yesu Kristi. Waɗansu biyu aka sa su a mari cikin jeji wajen shekara guda, ba su yi musun Ubangijinsu ba, har aka sake su. Ekklesiyar Boni, wadda Dandeson ke kiwonta a ƙarƙashin ubansa, ta ƙaru bayan wannan.

ƘARSHEN KWANAKINSA

Tsufansa ya zo da baƙin ciki. A 1890 waɗansu samarin Turawan mishan suka zargi ma'aikatansa, suka dakatar da su a gaban idonsa a taron Anaca, har da ɗansa. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891. Sai da aka yi shekara 60 kafin a sāke ba baƙin mutum cikakken riƙon ƙasar Bishop a Nijeriya. A 2014 Babban Bishop na Kantabari ya furta tuba a fili saboda abin da aka yi masa. Ya bar wa Yarbawa Littafi Mai Tsarki cikin harshensu, ya bar wa Nufawa da Ibo littattafan koyon karatu. Shekara 10 bayan rasuwarsa, a 1901, aka yi doka a Nijeriya ta Arewa cewa duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekaran nan ɗa ne, ba bawa ba.

ABIN DA YA RAGE MANA

Mu mutanen Felebina da Jugu da Faraku muna zaune kusa da tsohuwar hanyar fatake ta Kano zuwa Gwanja, inda goro ya bi, bayi kuma suka bi. Majalisar ƙasarmu a Porto-Novo ta yi dokar hana fataucin yara a 2006, ta ƙara da babbar dokar kāre yara a 2015. Amma doka a takarda ba ta tafiya da ƙafarta. In kun ga za a ba da yaro ga baƙo ya tafi da shi aiki a nesa, ku faɗa wa mai gari da hukuma. In ɗan garinku yana gidan kurkuku, ku kai masa abinci, ku tambayi yadda shari'arsa ta tsaya, gama Ibraniyawa sura 13 ta umurce mu mu tuna da ɗaurarru. Allah wanda ya fitar da Yusufu daga kurkukun Masar, ya fitar da Ajayi daga cikin jirgi, ya ba mu ƙarfin hali mu yi magana domin waɗanda ba su da baki. Amin.