Gustav Kirchhoff: masanin da ya gano dalilin da ke sa kyamarar zafi yin kuskure

Duk wanda ya yi tafiya a lokacin annobar korona, ta filin jirgin sama ko ta kan iyaka, ya san ƴar na'urar nan mai kama da bindiga da ake nuna wa mutum a goshi don a auna zafin jikinsa. Ƴar uwarta ita ce kyamarar zafi, wadda ke nuna hoto mai launin ja da ruwan ɗorawa da shuɗi, kowane launi da matakin zafinsa. Masu gyaran wutar lantarki da ƴan kwana-kwana da likitocin dabbobi duk suna aiki da ita. Sai dai na'urar da ta faɗi gaskiya a kan goshin mutum tana iya nuna digiri 35 a jikin tukunya mai ƙyalli alhali ruwa na tafasa a cikinta. Dokar da ke bayyana wannan saɓani wani Bajamushe ne ya kafa ta tun 1859, shekaru da dama kafin a ƙera kyamarar farko. Sunansa Gustav Robert Kirchhoff.

Ɗan lauya da ya fara suna tun yana ɗalibi

An haifi Kirchhoff ran 12 ga watan Maris na 1824 a birnin Konigsberg na daular Prusiya, wanda a yau ake kira Kaliningrad, cikin ƙasar Rasha. Mahaifinsa lauya ne. A jami'ar garinsu ya yi karatu, a hannun Franz Neumann, malamin da ya saba wa ɗalibansa da haɗa lissafi mai zurfi da gwaji na zahiri.

A 1845, yana da shekara 21 kuma bai gama karatu ba, ya fito da dokoki biyu kan yadda wutar lantarki ke bin wayoyi. Ta farko ta ce yawan wutar da ta shiga mahaɗar wayoyi daidai yake da wadda ta fita daga cikinta. Ta biyu ta ce idan aka zagaya rufaffiyar da'irar waya aka haɗa ƙarfin wutar da ya hau da wanda ya sauka, sakamakon sifiri ne. Har gobe ana koyar da dokokin nan a makarantun sakandare da na koyon sana'a, kuma da su ake lissafin haɗa batura da farantan sola, ko da mai aikin bai taɓa jin sunan wanda ya kafa su ba.

Ya kammala digirinsa na dokta a 1847, ya koyar a Berlin ba tare da tsayayyen albashi ba, sannan a 1850 ya samu kujerar koyarwa a Breslau, wato Wroclaw ta ƙasar Poland a yanzu. A can ya haɗu da masanin sinadarai Robert Bunsen, wanda ya girme shi da shekara 13. Da Bunsen ya koma jami'ar Heidelberg, sai ya yi ƙoƙari har aka ɗauko abokinsa a 1854. A 1857 Kirchhoff ya auri Clara Richelot, ɗiyar malaminsa na lissafi.

Gishiri a cikin wuta

A Heidelberg, Bunsen na da murhun gas mai harshen wuta kusan marar launi, wanda ke ɗauke da sunansa har yau. Idan aka sa wani sinadari a wannan wuta, launinta kan canza. Gishirin miya, alal misali, yana mai da ita ruwan ɗorawa. Kirchhoff ya ba da shawarar a daina dogaro da ido kaɗai, a ratsa hasken ta cikin gilashi mai kusurwa uku, wanda ke warware haske zuwa launuka kamar bakan gizo. Sai suka ga kowane sinadari na da nasa layukan haske a wurare tsayayyu, kamar zanen yatsa.

Tun 1814 wani maƙerin gilashi, Joseph Fraunhofer, ya lura da ɗaruruwan baƙaƙen layuka a cikin bakan hasken rana, amma babu wanda ya san dalilinsu. A 1859 Kirchhoff ya ratsa hasken rana mai ƙarfi ta cikin harshen wuta mai gishiri. Maimakon wurin layin ruwan ɗorawa ya ƙara haske, sai ya ƙara duhu. Daga nan ya fahimci cewa tururin sodiyom, sinadarin da ke cikin gishiri, yana shanye ainihin launin da shi kansa yake fitarwa. Ashe baƙaƙen layukan rana shaida ce ta sinadaran da ke cikin iskar da ta lulluɓe ta. Ta haka ya nuna akwai sodiyom da baƙin ƙarfe da wasu ma'adinai a rana. Shekara 24 kafin nan, masanin falsafar Faransa Auguste Comte ya rubuta cewa ɗan Adam ba zai taɓa sanin abin da aka gina taurari da shi ba.

Da wannan dabara su biyun suka gano sababbin sinadarai guda biyu: siziyom a 1860, daga ruwan wata maɓulɓula a Durkheim, da rubidiyom a 1861. Tun 1967, da siziyom ake ƙayyade tsawon daƙiƙa ɗaya a duniya baki ɗaya.

Dokar da ta shafi kyamarar zafi

Kirchhoff bai tsaya kan gishiri ba. Ya tambayi kansa ko alaƙar nan tsakanin shanyewa da fitarwa ta game kowane abu. Akwai waɗanda suka share masa hanya. A 1800 William Herschel ya gano a Ingila cewa akwai wani ɓoyayyen haske mai ɗauke da zafi a gefen launin ja, wanda ido ba ya gani, shi ne infrared. A 1804 John Leslie, ɗan Skotland, ya cika akwatin ƙarfe da ruwan zafi, gefe ɗaya a goge yana ƙyalli, wani gefen an shafa masa baƙi, ya nuna cewa baƙin gefen ya fi fitar da zafi nesa ba kusa ba, duk da cewa ruwa ɗaya ne ke ɗumama su.

Abin da Kirchhoff ya ƙara shi ne hujja ta lissafi. A ƙarshen 1859 ya gabatar wa majalisar masana ta Berlin cewa, a matakin zafi ɗaya da nau'in haske ɗaya, gwargwadon yadda abu ke shanye haske, gwargwadon haka yake fitar da shi. Mai shanyewa da kyau mai fitarwa ne da kyau. Wanda kuma ke mayar da haske kamar madubi, fitarwarsa kaɗan ce. A 1860 ya kawo tunanin cikakken baƙin abu, wato abin da ke shanye duk hasken da ya faɗa masa ba ya mayar da komai. Irin wannan abu shi ne mafi fitar da zafi da za a iya samu, kuma abin da yake fitarwa ya dogara ne kan zafinsa kaɗai, ba kan ko da ƙarfe ko da laka aka yi shi ba.

Daga nan aka samu ma'aunin da masana ke kira emisibiti, wato ƙarfin fitar da zafi. Lamba ce tsakanin 0 da 1. Cikakken baƙin abu yana da 1, sauran abubuwa duk suna ƙasa da haka. Fatar ɗan Adam na da kusan 0.98, ruwa kusan 0.96, itace da bulo da yawancin fenti suna wajen 0.9. Gogaggen alminiyum ko jan ƙarfe mai ƙyalli kuwa yana wajen 0.05 ko ƙasa da haka.

Inda kuskuren yake shigowa

Kyamarar zafi ba ta taɓa jikin abu. Ɓoyayyen hasken da ya iso idonta take aunawa, sannan ta yi lissafi ta mai da shi digiri. Don ta yi wannan lissafi, dole a gaya mata ƙarfin fitar da zafi na abin da take kallo, kuma da yawa daga cikin na'urorin suna zuwa daga kamfani a saite kan 0.95. A kan fata ko bango ko itace, wannan lamba ta yi kusa da gaskiya. A kan ƙarfe mai ƙyalli kuwa ta yi nisa ƙwarai.

A ɗauki sabuwar tukunyar alminiyum da aka goge, ruwa na tafasa a ciki a digiri 100, ɗakin kuma yana digiri 30. Tukunyar na fitar da kashi 5 kawai cikin ɗari na abin da cikakken baƙin abu zai fitar. Bisa dokar Kirchhoff, abin da ba ya shanyewa mayarwa yake, don haka jikin tukunyar yana mayar da kashi 95 cikin ɗari na zafin bango da mutanen da ke kewaye da ita. Kyamarar sai ta haɗa duka ta nuna wajen digiri 35. Wanda ya yarda da ita ya kai hannu, zai ƙone. Tsohuwar tukunyar da hayaƙi ya baƙanta gindinta kuwa, na'urar za ta auna ta kusa da daidai.

A wurin aiki, wannan ba wasa ba ne. Mahaɗar jan ƙarfe a akwatin wuta tana iya yin zafin da zai haddasa gobara, amma hoton ya nuna ta da launin sanyi saboda ƙyallinta. Akasin haka ma na faruwa: mai aunawa ya ga tabo mai zafi a jikin ƙarfe, ashe zafin jikinsa ne ƙarfen ya mayar masa. Sabon kwanon rufi na iya bayyana da sanyi fiye da yadda yake, domin yana mayar da sanyin sararin sama. Idan ya yi tsatsa ko ƙura ta rufe shi, ƙarfin fitarwarsa kan ƙaru, lambar da ke kan allo ta canza ko da zafinsa bai canza ba. Shi ya sa ƙwararru ke manna baƙin salatif na masu gyaran wuta a jikin ƙarfen, ko su shafa fenti marar ƙyalli, su jira ya ɗauki zafin wurin, sannan su auna a kansa. Gilashin taga kuma ba ya barin irin wannan haske ya ratsa, saboda haka kyamarar tana auna gilashin ne, ba abin da ke bayansa ba.

Akwai wani abu da ya kamata matafiya su sani. Launin da ido ke gani ba shi ne ke ƙayyade wannan lamba ba. Farin fenti da baƙin fenti kusan ɗaya suke a idon kyamarar zafi. Haka fatar baƙi da ta Bature, duka suna wajen 0.98. Abin da ya fi ɓata awon goshi shi ne zufa, ko iska, ko mutum ya fito daga rana nan take. A wuraren da ake son awo mai inganci, akan ajiye wata ƴar na'ura mai tsayayyen zafi a gaban kyamarar don ta riƙa daidaita kanta da ita, kuma sunan na'urar har yau shi ne baƙin abu, kamar yadda Kirchhoff ya raɗa.

Jayayya, rashi da jinya

Nasarar ba ta zo babu gardama ba. Balfour Stewart, ɗan Skotland, ya kai ga sakamako mai kama da wannan a 1858 ta hanyar gwaji, kuma masanan Birtaniya sun daɗe suna cewa shi ya kamata a fara ambata. Kirchhoff ya kare kansa da cewa hujjarsa ta fi faɗi kuma ta fi ƙarfi. Duk da haka, babbar majalisar masana ta Landan ta ba shi lambar yabo ta Rumford a 1862, sannan a 1877 shi da Bunsen suka zama na farko da suka karɓi lambar Davy.

A gida kuwa, matarsa Clara ta rasu a 1869, ta bar shi da ƙananan ƴaƴa. Ya sake aure a 1872. Wani rauni da ya samu a ƙafa ya sa ya daɗe yana dogara sanda, wani lokaci ma sai a keken marasa lafiya. Da aikin ɗakin gwaji ya yi masa wuya, sai ya karɓi kujerar nazarin kimiyyar fiziya ta lissafi a jami'ar Berlin a 1875, bayan shekara 21 a Heidelberg. A nan ya mai da hankali kan koyarwa da rubuta darussansa, waɗanda suka zama littattafan karatu a jami'o'in Jamus.

Ya rasu a Berlin ran 17 ga watan Oktoba na 1887, yana da shekara 63. An binne shi a maƙabartar Matthaus da ke unguwar Schoneberg.

Tambayar da ya bari

Kirchhoff ya tabbatar cewa akwai ƙa'ida guda da ke faɗin yawan hasken da cikakken baƙin abu ke fitarwa a kowane matakin zafi, amma bai samo ta ba. Josef Stefan a 1879 da Ludwig Boltzmann a 1884 sun warware wani ɓangare: idan aka ninka zafin abu sau biyu a ma'aunin Kelvin, abin da yake fitarwa na ninkuwa sau 16. Sauran ya jira Max Planck, wanda ya zauna a ajin Kirchhoff a Berlin yana saurayi, daga baya kuma ya gaji kujerarsa a 1889. A 1900, bayan shekara 40 da aza tambayar, Planck ya samo ƙa'idar, kuma don ya bayyana ta sai da ya ɗauka cewa makamashi na fita ne ƙwaya-ƙwaya, ba kamar ruwa mai kwarara ba. Wannan ne mafarin kimiyyar kwantom, wadda aka gina na'urorin cikin wayar salula da farantan sola a kanta. Ƙa'idar Planck ita ce kyamarar zafi ke amfani da ita wajen mai da haske digiri, lambar emisibiti kuma ita ce mai riƙe da kyamarar zai saita da hannunsa kafin ya yarda da abin da allo ya nuna masa.