John Rolfe: Manomin da Tabarsa Ta Raya Jamestown, Ta Cinye Ƙasar Powhatan

A watan Mayun 1610 wasu ƙananan jiragen ruwa biyu suka shigo Kogin James, suka tsaya a gaban Jamestown, matsugunin farko da Turawan Ingila suka kafa ya ɗore a Amurka. Mutanen da ke ciki sun zo da zaton za su tarar da gari mai rai, sai suka iske kimanin mutum 60, ƙashi da fata, daga cikin ɗaruruwan da suka shiga hunturun da ya wuce. Yunwa ta kai su ga cin dawakai da karnuka da ɓeraye, wasu har da gawa. A cikin baƙin akwai wani matashi mai suna John Rolfe. Ba soja ba ne, ba kuma gwamna ba, amma irin da ya shuka bayan shekara biyu shi ya raya matsugunin, shi kuma ya sauya makomar 'yan asalin ƙasar da ta dubban 'yan Afirka.

An haifi Rolfe a Ingila wajajen 1585. A 1609 shi da matarsa suka hau jirgin Sea Venture, cikin ayarin da Kamfanin Virginia ya tura. Kamfanin na 'yan kasuwar Landan ne, waɗanda suka haɗa jari da izinin Sarki James na Ɗaya, suka kafa Jamestown a 1607 da kwaɗayin zinariya. A watan Yuli guguwa ta raba jirgin da ayarinsa, ta jefa shi kan duwatsun tsibirin Bermuda. Mutanen suka tsira, suka shafe kusan wata goma suna sassaƙa wasu jiragen da katakon tsibirin da tarkacen nasu. A can matar Rolfe ta haifi 'ya mace, aka raɗa mata sunan tsibirin, amma jaririyar ba ta yi tsawon rai ba. Uwar ma ba ta daɗe ba ta bi ta.

Matsalar Jamestown a lokacin ba ta yunwa kaɗai ba ce. Zinariya ba ta samu ba, gwajin gilashi da sauran sana'o'i bai biya ba, masu jari kuma sun fara ƙosawa. A Turai kuwa kasuwar taba na ci, Sifaniyawa ne kuma ke riƙe da ita. Mutanen Powhatan, masu ƙasar, suna da tasu tabar, sai dai tana da kaifi, ba ta yi wa Turawa daɗi ba. Rolfe ya samo irin taba mai sauƙin sha daga yankin Trinidad da Kudancin Amurka, ya fara gwada shi a 1612. Ƙasar Virginia ta karɓi irin. A 1614 kashin farko ya isa Landan, zuwa 1617 kuwa abin da aka tura Ingila ya kai kimanin kilo 9,000. Sarki James da kansa ya taɓa wallafa ƙasida yana la'antar shan taba a 1604, amma harajin da take kawowa bai ƙi shi ba. A Jamestown har kan tituna da filin kasuwa aka shuka ta, sai da hukuma ta tilasta wa kowa ya noma masara kafin ya noma taba. Daga baya ganyen ya zama kuɗi: da shi ake biyan haraji, da tara, da albashin malaman coci.

Sunan Rolfe ya fi shahara ne saboda aurensa na biyu. A 1613 wani kyaftin mai suna Samuel Argall ya yaudari Pocahontas, 'yar babban sarki Powhatan wanda ke mulkin ƙabilu kusan 30, ya sace ta don a yi cinikin fursunoni da makamai da mahaifinta. Tana tsare aka koya mata addinin Kirista, aka yi mata baftisma da sunan Rebecca. Rolfe ya rubuta wa gwamna Thomas Dale doguwar wasiƙa yana neman izinin aurenta, inda ya amsa cewa zuciyarsa ta kamu, amma ya kafa hujja da maslahar matsugunin da ceton ranta. An ɗaura auren a watan Afrilun 1614. Abin da ango ya ji yana nan a rubuce. Amaryar da ke hannun waɗanda suka sace ta kuwa ba ta bar rubutu ba, kuma tarihin baka na mutanen Mattaponi, danginta, yana ɗaukar auren a matsayin na dole.

Auren ya kawo 'yan shekaru na zaman lafiya, a cikinsu kuma gonakin taba suka bazu a gaɓar kogi. A 1616 kamfanin ya kai ma'auratan da ɗansu Thomas Landan, don masu jari su gani da idonsu cewa harkar na tafiya. An gabatar da Pocahontas a fadar sarki a matsayin gimbiya. A watan Maris na 1617, suna hanyar komawa, rashin lafiya ya kwantar da ita a Gravesend, can ta rasu tana da kimanin shekara 20, can aka binne ta. Rolfe ya bar yaron a Ingila ya koma Virginia, ba su sake ganin juna ba.

Taba shuka ce mai haɗama. Cikin 'yan shekaru take tsotse ƙarfin ƙasa, dole manomi ya nemi sabon fili. Tana kuma buƙatar hannaye da yawa tun daga dashe har shanya. Ƙasar ta Powhatan ce. Hannayen kuwa da farko na talakawan Ingila ne da ke jinginar da kansu na wasu shekaru a madadin kuɗin jirgi. Daga 1618 kamfanin ya riƙa ba da eka 50 ga duk wanda ya biya wa mutum ɗaya kuɗin zuwa, don haka mai yawan barori shi ne mai yawan fili.

Rolfe ne ya rubuta wa Edwin Sandys, ma'ajin kamfanin, rahoton abubuwan da suka faru a 1619. A ciki, tsakanin sauran labarai, ya ambaci cewa a ƙarshen Agusta wani jirgi ya tsaya a Point Comfort da 'yan Afirka ashirin da 'yan kai, aka musanya su da abinci. An kamo su ne daga yankin Angola, aka loda su a Luanda cikin jirgin Fotugal mai zuwa Meksiko, 'yan fashin teku na jirgin White Lion suka ƙwace su a hanya. Wata guda kafin nan majalisar wakilai ta farko a Amurkar Ingila ta zauna a cocin Jamestown. Haka wakilci da cinikin mutane suka shigo Virginia a rani ɗaya. Wata mata daga cikin waɗanda aka kamo a wancan jirgin na Fotugal, mai suna Angela, ta ƙare a gidan William Peirce, mahaifin Jane, matar Rolfe ta uku.

Powhatan ya rasu a 1618, iko ya koma hannun ɗan'uwansa Opechancanough, wanda ya ga inda gonakin suka dosa. A ranar 22 ga Maris, 1622, mayaƙansa suka far wa matsugunan gaɓar kogi, suka kashe 'yan kama-wuri-zauna 347. Rolfe, wanda ya rubuta wasiyyarsa a farkon watan yana fama da ciwo, ya rasu a shekarar. Yaƙin ramuwa ya biyo baya, a 1624 kuma sarki ya soke izinin kamfanin, Virginia ta koma ƙarƙashin fadar Ingila. Kafin ƙarnin ya ƙare, bayi daga Afirka sun fara maye gurbin barorin Ingila a gonakin taba.

Thomas ya girma ya dawo Virginia, zuriyarsa ta shiga cikin manyan gidajen jihar. A 1924, da majalisar Virginia ta yi dokar hana auratayya tsakanin farare da sauran jinsi, sai ta keɓe wani sashe da ya bar mai ɗan ƙaramin jinin 'yan asalin ƙasa a sahun farare, don kada dokar ta taɓa masu alfahari da zama jikokin Rolfe da Pocahontas. Ƙabilun da ta fito daga cikinsu ba su sami wannan rangwame ba: a takardun haihuwa da na aure, jami'an jihar sun share musu sunan asalinsu.