William Bayliss (1860-1924): Tsokar Jijiyar Jini da Asalin Ilimin Homon

Asali da Karatu

An haifi William Maddock Bayliss a ranar 2 ga Mayu, 1860, a yankin Staffordshire na ƙasar Ingila, a gidan wani attajiri mai masana'antar ƙera kayan ƙarfe. Ya fara karatun likita a Kwalejin Jami'a ta Landan, amma bai haye jarrabawar ilimin ƙirar jiki ba, sai ya karkata ga nazarin yadda gaɓɓai ke aiki. Ya kammala digiri a Oxford a 1888, sannan ya koma Landan. A can ya haɗu da Ernest Starling, wanda ya zama abokin bincikensa, ya kuma auri 'yar'uwarsa Gertrude a 1893.

Binciken 1902

A wancan zamani masana sun tafi a kan cewa jijiyoyin laka ne ke isar da kusan kowane umarni ga gaɓɓai. A shekara guda Bayliss ya fito da hujjoji biyu da suka raunana wannan fahimta.

Hujja ta farko ta shafi tsokar da ke kewaye da bangon jijiyar jini. Ya nuna cewa idan jini ya ƙara matsa wa bangon lamba, tsokar kan tsuke da kanta, idan matsin ya ragu kuma sai ta saki, ko da an yanke jijiyoyin lakar da ke zuwa gare ta. Da wannan ɗabi'a ƙoda da ƙwaƙwalwa ke daidaita jinin da ke shigarsu, kuma har yau da sunansa ake kiran ta.

Hujja ta biyu shi da Starling suka kafa ta a watan Janairu. Sun gusar wa kare hankali da magani, suka raba wani yanki na ƙaramin hanjinsa da jijiyoyin laka, suka bar masa na jini kaɗai. Da suka zuba ruwan asid a ciki, sai fankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, ta fara tsatsafo da ruwanta. Suka kankare fatar cikin hanjin, suka niƙa ta da asid, suka tace, suka yi allurarta a jini, sai gaɓar ta sake amsawa. Ke nan saƙon ta jini ya bi. Sun raɗa wa sinadarin suna sikiritin, kuma a 1905 Starling ya gabatar da kalmar homon, daga Girkanci, mai ma'anar zaburarwa, domin ta game dukkan irin waɗannan manzanni.

Shari'a da Yaƙi

A 1903 lauya Stephen Coleridge, mai fafutukar hana gwaji a kan dabbobi, ya zarge shi a bainar jama'a da feɗe kare ba tare da isasshen maganin gusar da hankali ba. Bayliss ya kai ƙarar ɓata suna, kotu ta ba shi gaskiya tare da diyyar fam 2,000, ya kuma miƙa kuɗin ga kwalejinsa domin bincike.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji da yawa sun mutu saboda faɗuwar ƙarfin jini bayan rauni, ga shi ruwan gishiri da ake ɗura musu yakan tsiyaye daga jijiyoyi cikin ɗan lokaci. Bayliss ya ba da shawarar a gauraya shi da ƙaro, irin wanda ake samu daga itacen dakwara a Sudan da sauran ƙasashen Sahil, kashi 6 cikin 100. Ƙaron yakan riƙe ruwan a cikin jijiya. An ceci rayuka da shi, ko da yake daga baya an yi watsi da shi saboda yakan taru a hanta.

Kammalawa

Babban littafinsa kan ƙa'idojin aikin gaɓɓai ya fito a 1915, ya sami lambar Copley a 1919, aka ba shi muƙamin Sa a 1922. Ya rasu a Landan a ranar 27 ga Agusta, 1924.

Bayan rasuwarsa ne hanyoyin nan biyu da ya buɗe suka haɗe. An gano cewa homon bai tsaya ga tsuke tsokar jijiyar jini ba, yana taɓa girmanta ma. Anjiyotensin na biyu, wanda ƙoda ke tayar da samuwarsa, yana sa ƙwayoyin halittar tsokar su ƙara girma, bangon ya yi kauri, hanyar jini ta ƙuntata, hawan jini ya samu gindin zama. Istirojin kuwa, homon ɗin mata, yana rage yaɗuwar ƙwayoyin a gwaje-gwaje. Da yawa daga magungunan hawan jini na yau aikinsu shi ne tare saƙon anjiyotensin kafin ya kai ga wannan tsoka.