Sanjeev Kumar: Jarumin da ya tsufa a fim tun yana matashi

Duk wanda ya taɓa kallon Sholay, ko a silimun Kano da Kaduna na wancan zamani ko a kaset daga baya, zai tuna da dattijon nan mai furfura, Thakur Baldev Singh, wanda kullum yake lulluɓe da mayafi domin ɗan fashi Gabbar Singh ya datse masa hannaye biyu. Abin da masu kallo da yawa ba su sani ba shi ne, lokacin da fim ɗin ya fito a 1975, mutumin da ya hau wannan matsayi shekarunsa 37 kacal. Shekara huɗu ya ba Amitabh Bachchan, wanda ya fito a matsayin saurayi a fim ɗin.

Sunansa na yanka Harihar Jethalal Jariwala. An haife shi a garin Surat na jihar Gujarat ranar 9 ga Yulin 1938, iyalinsa suka koma Bombay yana yaro. A dandalin wasan kwaikwayo ya fara koyon sana'a, a ƙungiyar IPTA, kuma tun a can aka gane irin baiwarsa: yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai aka riƙa ba shi matsayin tsoho. Ya shiga fim da ƙaramin matsayi a Hum Hindustani a 1960, ya yi shekaru yana fitowa a finafinan faɗa masu ƙaramin jari, har zuwa 1968 da ya tsaya gaba da gaba da Dilip Kumar a Sunghursh ba tare da an danne shi ba. Khilona na 1970 ne ya sa sunansa ya game Indiya.

A nan ne ya rabu da tsararsa. A masana'antar Bombay ta lokacin, jarumi yana tsaron ƙuruciyarsa kamar yadda ɗan kasuwa ke tsaron jarinsa, domin wanda ya yarda ya fito uba sau ɗaya da wuya a sake ba shi budurwa da waƙa. Sanjeev Kumar bai damu da wannan lissafi ba. A shekarar 1972 kaɗai ya fito mahaifin Jaya Bhaduri a Parichay, ya kuma fito mijinta a Koshish. Bayan shekara uku ya zama surukinta a Sholay. A Trishul na 1978 shi ne mahaifin Amitabh Bachchan da Shashi Kapoor, alhali Shashi ya girme shi da 'yan watanni.

Koshish, wanda Gulzar ya ba da umarni, shi ne inda aka fi ganin zurfin aikinsa. Labari ne na miji da mata, dukansu kurame kuma bebaye, masu fafutukar rayuwa cikin talauci. An raba ɗan wasan da murya, wadda ita ce babban makamin jarumin Indiya, aka bar shi da ido da yatsu da motsin kafaɗa. Ɗansu na fari ya rasu domin ba su ji lokacin da ya fita cikin dare ba, kuma yadda uban ya ɗauki wannan rashi ba tare da furta kalma ba ya fi dogon jawabi taɓa zuciya. A Sholay kuwa hannaye aka ɗauke masa, sai ya mayar da dukkan fushin Thakur cikin tsayuwa da kallo da murya mai sanyi. Za a iya cewa bai taɓa yin fice kamar lokacin da aka tauye shi ba.

Koshish ya kawo masa lambar yabo ta ƙasa ta gwarzon ɗan wasa karo na biyu. Ta farko ya same ta ne da Dastak na 1970, inda ya fito Hamid, ƙaramin akawu da ya kama haya da amaryarsa a ɗakin da wata mawaƙiyar gidan karuwai ta taɓa zama, tsofaffin baƙinta suna ta ƙwanƙwasa musu ƙofa cikin dare. Ma'aikacin da ya taɓa neman ɗaki a babban birni da albashin da bai taka kara ya karya ba zai gane halin da Hamid ya shiga.

Bai tsaya ga baƙin ciki ba. A Naya Din Nai Raat na 1974 ya hau matsayi tara shi kaɗai, a Angoor na 1982 kuma ya fito tagwaye, ya ba mutane dariya da fuska a murtuke. Fim ɗin Aandhi na 1975, inda ya fito mijin wata 'yar siyasa da suka rabu, gwamnati ta hana nuna shi a zamanin dokar ta-ɓaci saboda raɗe-raɗin cewa da Firaminista Indira Gandhi ake. Da Satyajit Ray ya tashi yin fim ɗinsa na farko da harshen Hindi da Urdu, Shatranj Ke Khilari, a 1977, shi ya zaɓa ya fito Mirza Sajjad Ali, ɗaya daga cikin manyan Lucknow biyu da suka shagala da wasan dara irin na ces yayin da Turawan Ingila ke haɗiye masarautar Awadh a 1856. Bai mai da Mirza abin tsana ba. Ya nuna shi mutum mai fara'a da ladabi, wanda sakacinsa ya fi ban tsoro saboda hakan.

Bai taɓa aure ba. Ciwon zuciya ya daɗe yana damunsa, har aka yi masa tiyata a Amurka, amma ya koma bakin aiki. Ya rasu a Bombay ranar 6 ga Nuwamban 1985 yana da shekara 47, bai kai ko kusa da shekarun dattawan da ya saba fitowa a matsayinsu ba. Ya bar finafinai fiye da goma da ba su fito ba, aka riƙa sakinsu ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe, Professor Ki Padosan, sai a 1993 ya isa silima, shekara takwas bayan rasuwarsa.