Malam Aminu Kano: Malamin Midil da Ya Yi Zaman Maru

Idan aka ambaci sunan marigayi Malam Aminu Kano, abin da yake fara faɗo wa mutane a rai shi ne siyasa, wato jam'iyyar NEPU da PRP da gwagwarmayar talakawa. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa kafin duk wannan malamin makaranta ne, kuma ya yi wajen shekara takwas cikin aikin koyarwa, daga 1942 zuwa 1950. Wurin aikinsa na ƙarshe ma nan ne kusa da mu, wato Maru, garin da duk wanda ya taso daga Dosara ko Talata Mafara ya nufi Gusau yake ratsawa. Saboda haka ya kamata mu ɗalibai da iyayenmu mu san wannan sashe na rayuwarsa: gidan da ya fito, karatun da ya yi, irin koyarwarsa, abubuwan da yake sha'awa, da dalilin da ya sa ya ajiye alli.

Asalinsa

An haifi Malam Aminu ran 9 ga watan Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun Alƙalin Kano, kuma daga zuriyar Gyanawa yake, Fulanin da aka sani da ilmi da alƙalanci tun zamanin da. Mahaifiyarsa Rakiya, wadda ake yi wa laƙabi da Mambayya, ita ma mai ilmi ce, kuma a hannunta ya fara karatun Alƙur'ani. Ta rasu yana ƙarami, sai kakarsa ta ci gaba da riƙonsa da karantar da shi. Ke nan malamansa na farko mata ne, a cikin gida. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda daga baya ya dage a kan ilmin mata ba. Har ila yau, ya tashi a gidan da zancen shari'a da hakkin mutane yake zancen yau da kullum.

Karatunsa na boko

A 1930, yana da shekara goma, aka sa shi makarantar Elementare ta Shahuci. A 1933 ya wuce Midil ta Kano, wadda yanzu ake kira Kwalejin Rumfa.

A nan ya dace mu yi ɗan bayani a kan Midil, domin yaran yanzu ba su tarar da ita ba. Makaranta ce ta kwana da ke tsakanin Elementare da Kwaleji, kusan matsayin ƙaramar sakandare a yau, kuma En'e ke riƙe da ita. Ba ta da yawa, galibi ɗaya ce a lardi guda. A wancan lokaci ƙasar Zamfara tana cikin Lardin Sakkwato, don haka yaron da ya ci jarrabawa daga Mafara ko Bakura ko Maradun sai ya ɗauki ƙunshinsa ya tafi Midil ta Sakkwato. Malaman Midil kuwa su ne ƙololuwar 'yan boko a Arewa. Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934. Alhaji Shehu Shagari shi ma ya koyar a can daga baya. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa a Midil ta Bauchi ya yi nasa aikin.

Tun yana Midil halin Aminu ya fara bayyana, domin ya taɓa jagorantar 'yan'uwansa ɗalibai suka yi yaji a kan ƙarancin sabulu da rashin kyan abinci. Duk da haka bai yi wasa da karatu ba. A 1937 ya sami shiga Kwalejin Katsina, wadda a shekarar da ta biyo baya aka mayar da ita Kaduna. Wannan makaranta ce daga baya ta koma Zariya, aka sa mata suna Barewa.

A Kwaleji ya kamu da son wasan kwaikwayo. Yakan rubuta wasanni da Hausa, ya koya wa abokansa su yi a gaban jama'a. Daga cikin waɗanda ake tunawa akwai Kai Wane Ne A Kasuwar Kano Da Ba Za A Cuce Ka Ba, da kuma Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya. Cikin raha yake nuna zamba da cin zalin baƙauye da cin hanci, mutane su yi dariya, amma su koma gida da abin tunani.

Sa'ad da yake gwajin koyarwa a Zariya, ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, mutumin Bauchi, masani kuma mawaƙi, wanda ya girme shi da 'yan shekaru. Wannan abota ta ƙara buɗe masa ido ƙwarai. A cikin wannan tsakani ne ya rubuta wata 'yar takarda da Turanci, inda ya soki yadda En'e ta Kano take gudanar da mulki. Ya gama Kwaleji a 1942 da takardar shaidar koyarwa.

Zamansa a Midil ta Bauchi

Aikinsa na farko a Midil ta Bauchi ne. A can ya yi aiki tare da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Malam Yahaya Gusau, ɗan ƙasarmu ta Zamfara. Malam Sa'adu Zungur ma ya komo gida Bauchi, sai abotarsu ta ɗore.

Malam Aminu bai tsaya ga abin da ke cikin manhaja kaɗai ba. Bayan an tashi daga aji yakan zauna da yara su shirya wasan kwaikwayo, su yi muhawara, su fita aikin 'yan sikawut. A zamanin da yaro ba ya iya ɗaga ido ya dubi malami, shi yana so ɗalibi ya yi tambaya, ya faɗi ra'ayinsa, ya kawo hujja. Ɗalibai sun so shi saboda wannan sakin fuska, ko da yake wasu manya suna ganin yana ɓata yara.

Haka kuma bai ɗauka aikin malami ya ƙare a ƙofar makaranta ba. A wajen 1943 aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauchi, inda malamai da ma'aikatan En'e da Turawan mulki suke haɗuwa su tattauna al'amuran ƙasa, kuma Malam Aminu ne sakatare. Da farko hukuma ta yi na'am da ita. Amma da tambayoyi suka fara zafi, har aka taɓo batun mulkin En'e da albashin sarakuna, sai aka rufe ta. A wannan majalisa aka ga bambancin halin abokan nan biyu: Malam Abubakar mai bi a hankali ne, yana son gyara daga ciki, Malam Aminu kuwa mai faɗar magana gaba da gaba. Duk da haka suna girmama juna.

Tafiyarsa Ingila

A 1946 gwamnati ta tura shi Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan don ƙaro ilmin koyarwa na shekara guda. Ya isa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, jam'iyyar Leba tana kan mulki, ana ta zancen hakkin ma'aikata da 'yancin ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka. Ya saurara, ya karanta, ya yi cuɗanya da ɗaliban Afirka da 'yan siyasar Ingila. A 1947 ya halarci babban taron 'yan sikawut na duniya a Faransa. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne yadda ya ga talakan Ingila yana jefa ƙuri'a, yana sukar shugabansa, ba wanda ya kama shi. Labarin tafiyarsa Turai ne ya zama littafinsa Motsi Ya Fi Zama, wanda aka buga a 1955.

Da ya komo, sai ya tsaya a kan haɗa kan malamai. A 1948 aka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa, shi ne kuma babban sakatarenta. Manufarta ita ce a gyara albashin malamai da matsayinsu, a kyautata manhaja, a kuma ba malamin Arewa bakin magana a kan sha'anin ilmi. Tana daga cikin ƙungiyoyin farko da suka haɗa 'yan boko daga lardunan Arewa duka a inuwa ɗaya, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi fice a siyasa a nan suka fara sanin juna.

Zaman Maru

Ba a daɗe da kafa ƙungiyar ba aka yi masa canji daga Bauchi zuwa makarantar horon malamai ta Maru, a Lardin Sakkwato. Mutane da yawa sun ɗauka an yi haka ne don a nesanta shi daga birane, inda maganarsa take samun masu sauraro. Maru a lokacin ƙaramin gari ne, nesa da Kano da Kaduna.

Aikin Maru ya bambanta da na Midil. A Bauchi yara yake koyarwa, a Maru kuwa waɗanda za su koyar da yara yake horarwa, domin makarantar tana shirya malaman Elementare ne da za a rarraba ƙauyukan lardi. Duk abin da ya dasa a zuciyar ɗalibi ɗaya, zai isa ga yara masu yawa a wani ƙauye. A nan ya yi zama da wani matashin malamin Larabci, Malam Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zo Maru a 1949, kuma daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa. A wannan lokaci kuma Malam Aminu ya mai da hankali ga gyaran makarantun allo, yana son a tsara karatunsu yadda yaro zai fahimci abin da yake karantawa. Nesantawar da aka yi masa ba ta rufe masa baki ba, ya ci gaba da harkar ƙungiyar malamai, yana bin abin da ke gudana a ƙasa. Har yau Maru garin horon malamai ne, domin a can Kwalejin Ilmi ta Jihar Zamfara take.

Ajiye aiki

Ran 8 ga Agusta, 1950, wasu samari a Kano suka kafa jam'iyyar NEPU don neman 'yancin talaka. Zuciyar Malam Aminu tana tare da su, amma shi ma'aikacin gwamnati ne, kuma doka ba ta yarda ma'aikaci ya fito fili ya yi siyasa ba. Dole ya zaɓi ɗaya. A gefe guda ga albashi tabbatacce, da fansho, da hanyar ƙarin girma, a zamanin da mai irin takardunsa a Arewa ana iya ƙidaya su. A ɗaya gefen ga jam'iyyar da ba ta da kuɗi, wadda hukuma ba ta so, wadda kuma 'ya'yanta da yawa suka sha ɗauri da bulala a shekarun da suka biyo baya. A watan Nuwamba na 1950 ya ajiye aiki, ya bar Maru ya koma Kano, yana da shekara talatin. A 1953 ya zama shugaban NEPU.

Sauran rayuwarsa

Tarihin siyasarsa yana da tsawo, sai dai mu taƙaita. A 1959 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai ta Tarayya daga Kano. A 1967 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta naɗa shi Kwamishinan Sadarwa na Tarayya, daga baya ya riƙe Ma'aikatar Lafiya. A 1978 ya jagoranci kafa PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979. Bai ci ba, amma jam'iyyarsa ta kafa gwamnati a jihohin Kano da Kaduna, inda aka soke haraji da jangali.

Cikin duk waɗannan shekaru bai rabu da halin malanta ba. Laccarsa ta siyasa kamar darasi take, yana yi wa talaka bayanin hakkinsa dalla-dalla da Hausar da kowa zai gane. Ya sa hannu wajen kafa makarantun Islamiyya, yana yin tafsiri da azumi, ya rubuta littafin Hikayoyin Kaifafa Zukata. Ya yi ta kira a ilmantar da mata a ba su damar zaɓe, har Allah ya nuna masa ranar da matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a 1976. Ya riƙe manyan muƙamai, amma bai tara dukiya ba, kuma mutane ba su kira shi da wani suna da ya wuce Malam ba.

Allah ya yi masa rasuwa ran 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62, aka binne shi a gidansa da ke Gwammaja. Gidan nan, wanda ake kira Gidan Mambayya da sunan mahaifiyarsa, yanzu cibiyar nazari ce ta Jami'ar Bayero. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na Kano duk sunansa suke ɗauke da shi.

Abin lura

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, yaran Midil ta Bauchi da ɗaliban Maru ba su san wanda ke tsaye a gaban allo zai zama abin da ya zama ba. Abin da suka gani malami ne mai son wasan kwaikwayo da muhawara da sikawut, wanda ya fito daga gidan ilmi. Malamanmu na yau ma kowannensu yana da gidan da ya fito, da wahalar da ya sha kafin ya sami takarda, da wani abu da yake sha'awa wanda ba ya cikin manhaja. Wanda ya matsa kusa da malaminsa cikin ladabi ya yi tambaya, zai ƙaru da abin da ba a rubuta a allo ba. Ku kuma iyayenmu, idan ɗa ko 'ya ta ce koyarwa take so, kada a raina, domin Firayim Ministan Nijeriya na farko da Firimiyan Arewa da jagoran talakawa duk da alli suka fara.

Allah ya jiƙan Malam Aminu, ya gafarta masa, ya saka wa malamanmu da alheri, amin.