SHEHU SANDA KURA: SARAUTAR DA TA KUƁUCE TA KOMO BAYAN SHEKARA 22

Duk wanda ya taɓa sauka Maiduguri ya san ƙofar fadar Shehu, amma ba kowa ya san irin wuyar da waɗansu masu gidan suka sha ba kafin su zauna cikinsa. Yau za mu kawo muku labarin ɗaya daga cikinsu, watau Shehu Umar Sanda Kura, ɗan Shehu Ibrahim Kura, jinin Shehu Laminu.

Sanda Kura ya tashi cikin daula a Kukawa. Cikin 1893 Rabe ya zo da bindigogi ya ci Barno, ya ƙone Kukawa, ya mai da Dikwa mazauninsa. Shehu Kiyari ya tara mayaƙa ya sake karawa da shi, aka kama shi aka kashe. 'Ya'yan sarauta suka watse, kowa ya yi ta kansa. Sanda Kura ya nufi wajen Damagaram, ya zauna baƙo a ƙasar da a da ita ke kai wa kakanninsa gaisuwa. Ku da ke zaune a Agege ko Sabo ta Badun kun san zaman baƙunci, to, balle ga ɗan sarkin da aka raba da gidan ubansa.

Farkon 1900 ya sadu da rundunar Faransawa, suka yarda shi ne Shehun Barno. Ran 22 ga Afrilu na wannan shekara aka kashe Rabe a yaƙin Kusuri, Sanda Kura ya shiga Dikwa yana Shehu. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Faransawa suka ɗora masa kuɗi masu yawa, wai ladan kawar da Rabe, suka kuma nemi ya kora Larabawan Shuwa zuwa ƙasar da ke hannunsu. Da bai yi musu yadda suke so ba, kafin shekara ta ƙare suka tuɓe shi, suka naɗa ƙanensa Abubakar Garbai, shi kuwa suka kai shi can ƙasar Kwango.

Mutum ya yi shekara bakwai yana jiran abu, ya samu, ya kuɓuce masa cikin 'yan watanni. Da wani ne, da baƙin ciki ya gama da shi a can.

Shi dai ya komo gida. Ya tarar abubuwa sun sake: Garbai ya bar Dikwa cikin 1902 ya dawo ɓangaren Ingilishi, an gwada raya Kukawa abin bai yiwu ba, har cikin 1907 aka kafa sabuwar fada a Yerwa, wadda ita ce Maiduguri ta yau. A nan ne, a ganinmu, ya yi abin da ya fi zaman Kwango wuya. Wanda aka taɓa buga wa tambari, ga shi yaya, ya karɓi hakimci a ƙarƙashin ƙanensa, yana tara haraji, yana zuwa fada gaisuwa kamar sauran hakimai. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru.

Cikin 1922 Allah ya yi wa Shehu Garbai rasuwa, aka naɗa Sanda Kura Shehun Barno, shekara 22 bayan da aka tuɓe shi a Dikwa. Wannan karon ya shekara 15 a kan gado, har ya rasu cikin 1937, aka ɗauko Shehu Sanda Kiyarimi daga Dikwa ya gaje shi. Allah ya jiƙansu baki ɗaya, amin.