Tarihin Jimi Hendrix, Bahagon Makaɗin Amurka

A wannan fili mun saba kawo wa masu karatu tarihin sarakuna da malamai da mazan fama. Yau kuwa labarin wani makaɗi za mu bayar, baƙar fata, mutumin Amurka, wanda a ke kira Jimi Hendrix. Da yawa daga cikin masana kiɗan nan da a ke ce wa rok, watau kiɗan ganguna da jita mai aiki da lantarki, sun tafi a kan ba a yi makaɗin jita kamarsa ba. Amma ba shahararsa kaɗai ta sa muka zaɓe shi ba. Akwai takardu biyu cikin tarihinsa, ɗaya an rubuta dominsa ba a karɓa ba, ɗaya shi ya sa mata hannu yana cikin matsi, waɗanda ya kamata kowane malamin makaranta da kowane akawu ya san labarinsu.

An haife shi a birnin Siyatil, can arewa maso yammacin Amurka, ran 27 ga Nuwamba, 1942. Ubansa, Al Hendrix, yana aikin soja a lokacin, bai ga ɗansa ba sai da yaron ya kai shekara uku. Uwar ta raɗa masa suna Johnny Allen, amma a 1946 uban ya sake masa suna James Marshall. Gidan na talauci ne da yawan husuma, har auren ya mutu a 1951.

Sa'ad da ya ke makarantar elementare, sai aka lura yaron ba ya rabuwa da wata tsintsiya mai dogon mariƙi, yana rungume ta yana kaɗawa kamar jita. Wata ma'aikaciyar makarantar mai kula da halin yara ta daɗe tana kallon wannan abu. Daga bisani ta rubuta takarda tana roƙo a saya masa jita daga kuɗin da aka ware don 'ya'yan talakawa, tana tsoron kada rashinta ya taɓa masa zuciya. Ba a karɓi roƙon ba, uban kuma bai saya ba. Wannan ita ce takarda ta farko.

To, amma zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. A 1957, yana taya ubansa kwashe tarkace a gidan wata tsohuwa, ya tsinci wata 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya ɗaya tak. Da ita ya fara bin waƙoƙin da ya ke ji a rediyo. A 1958, shekarar da uwarsa ta rasu, ya sami jita ta sosai a kan dala 5. Bahago ne, saboda haka har ƙarshen ransa yawanci jitar na-dama ya kan ɗauka ya kifa ta, ya sake jera tsirkiyoyin. Bai taɓa koyon karanta rubutun kiɗa irin na Turawa ba, da kunne ya ke ɗaukar kome. Makarantar sakandare kuwa bai gama ta ba.

A 1961 'yan sanda suka kama shi sau biyu cikin motocin sata, aka ba shi zaɓi, ko gidan yari ko soja. Ya zaɓi soja, aka kai shi rundunar sojan laima ta 101 a jihar Kentaki. Hankalinsa yana wajen jita, ba wajen fareti ba, don haka aka sallame shi a 1962. Daga nan ya shiga yawon kiɗa a gidajen rawa na baƙaƙen fata a kudancin Amurka, zamanin da a ke wariyar launi, yana yi wa manyan mawaƙa irin su Little Richard kiɗa daga baya, a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Cikin wannan hali ne, a watan Oktoba na 1965, wani mai sana'ar buga faifai a birnin Niyu Yok, Ed Chalpin, ya miƙa masa takardar yarjejeniya. Sharaɗinta shi ne Hendrix zai yi wa kamfaninsa kiɗa shekara uku, a ba shi dala 1 a hannu, da kashi 1 cikin 100 na kuɗin faifan da aka sayar. Ya sa hannu ya tafi sha'aninsa. Wannan ita ce takarda ta biyu.

Shekara guda bayan haka sai wani Bature mutumin Ingila, Chas Chandler, tsohon makaɗin ƙungiyar Animals, ya ji kiɗansa a wani ƙaramin gidan rawa, ya ɗauko shi zuwa Landan ran 24 ga Satumba, 1966. Nan aka haɗa shi da Turawa biyu, Noel Redding da Mitch Mitchell, nan kuma aka mai da rubutun sunansa Jimi. Abin da ya ba makaɗan Ingila mamaki shi ne, ƙugin nan da lasifika ke yi in an kusantar da jita gare ta, wanda kowa ke gudu, shi sai ya sarrafa shi ya zama kiɗa. Faifansa babba na farko, Are You Experienced, ya fito a 1967, ya kai na biyu a ciniki a Ingila, na Beatles kaɗai ke gabansa.

Mutanen ƙasarsa ba su san darajarsa ba sai da Ingila ta shaide shi. Paul McCartney na Beatles ne ya ba da shawara a gayyace shi babban taron kiɗa na Monterey a Kaliforniya, cikin Yuni 1967, inda ya cinna wa jitarsa wuta gaban jama'a, sunansa ya game Amurka. A taron Woodstock na 1969 shi ya rufe, da safiyar Litinin, bayan mafi yawan mutane sun watse. Ya kaɗa taken ƙasar Amurka yana cuɗa shi da ƙarar da ta yi kama da faɗuwar bama-bamai, alhali kuwa ana tsakiyar yaƙin Biyetnam. Wani abin mamaki kuma, ɗakin da ya zauna a Landan a 1968 da 1969, a gida mai lamba 23 kan titin Brook, bango ɗaya ne ya raba shi da gidan da mashahurin mai tsara kiɗan nan Handel ya rasu ciki a 1759.

Amma takarda ba ta mantuwa. Da Chalpin ya ga yaronsa na dala 1 ya zama sarkin makaɗa, sai ya fito da tsofaffin kaɗe-kaɗen da suka yi, ya sayar da su da sunan Hendrix, ya kuma kai ƙara kotu cewa an karya alkawari. Sulhun da aka yi ya tilasta wa Hendrix ba da sabon faifai guda sukutum, shi ne Band of Gypsys, wanda aka ɗauka a ranar sabuwar shekarar 1970. Ga kuma ɗakin ɗaukar kiɗa da ya ke ginawa a Niyu Yok yana cin kuɗi, wajen dala miliyan 1. Dole ya riƙa yawon wasa gari gari, ko da gajiya ko babu.

Ran 18 ga Satumba, 1970, ya rasu a Landan yana da shekara 27, bayan ya sha ƙwayoyin barci masu ƙarfi fiye da ƙima, amai ya shaƙe shi. Shekara huɗu kacal ya yi cikin ɗaukaka, manyan faifai uku ya tsara a ɗakin ɗauka. Bai bar wasiyya ba. Gadon ya faɗa hannun ubansa, wanda shi ma ya danƙa wa lauya, har sai da ya kai ƙara a 1993 kafin ikon waƙoƙin ɗansa ya komo hannunsa a 1995.

Jama'a, mu duba. Roƙon da aka yi don yaro aka ƙi, abin dala 5 ne. Takardar da ya sa wa hannu kan dala 1 kuwa ta bi shi har kabari. Malaman makaranta, in kun ga yaro ya ƙwallafa rai ga wani abu, ku dube shi da idon basira, ku kuma tsaya ya iya karatu da lissafi, don baiwa ba ta kare mai ita daga sharrin takarda. Ku kuma akawuna, da roƙon talaka da yarjejeniyar mai ƙarfi duk ta teburinku su ke bi. Kada ku bar mutum ya dangwala hannu sai kun karanta masa abin da ke ciki, ya gane. Rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya sa mu riƙe amana, amin.